Ƙasar mujassam ɗina ta ƙi yin kama da ƙasa, ƙasar gaske zan nemo ko jibis da fenti?

Ɗan_MaiWurno:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar mujassam, wato haɗa ƙaramin samfurin gida ko wuri, ku matso kusa. Ina nan Jidda ina haɗa ƙaramin gidan kakanmu na Mai Wurno a Sudan a kan katako mai santi 60 da 40, saboda yarana nan aka haife su basu taɓa zuwa ba, kuma da halin da ƙasar take ciki yanzu sai dai addu'a. Ɗakuna sun fito alhamdulillah, guɗɗiyya (ɗaki zagayayye mai rufin ciyawa) biyu da rakuba (rumfa) da katanga, har angarib (gadon igiya) na saƙa da zare. Matsalata ƙasa ce. Na shafa farar gira (gam ɗin kafinta) na barbaɗa yashin bakin teku, da ya bushe sai tsakar gidan ta koma filin tsakuwa, tana ƙyalli kuma, ɗakunan suna zaune a sama kaman ajiye su akayi ba gina su ba. Wasu sunce in nemo ƙasar gaske, wasu sunce jibis (POP na silin) da fenti shine kawai. Wanne ne daidai?

Aisha_maket:
Wa alaikumus salam Kawu. Kafin komai wane ma'auni kake aiki da shi? Yani in mutum zai tsaya a ƙofar ɗakin nan tsawonsa zai kai santi nawa?

Ɗan_MaiWurno:
Ban ƙirga da lissafi ba ƴata, amma ƙofar ɗaki santi huɗu ce saura kaɗan, mutum zai yi uku da rabi haka

Aisha_maket:
Toh 1:50 kenan kake yi, mutum mai mita 1.75 in ka raba da 50 santi uku da rabi ne cif. Kaga katakonka yana wakiltar fili mai mita 30 da 20. Yanzu duba yashin nan, ƙwayar da takai mili ɗaya a hannunka a cikin mujassam dutse ne mai santi 5, mai mili biyu kuma santi 10. Wace tsakar gida ce aka shimfiɗe da irin waɗannan? Idonka yana ganin kuskuren tun kafin kayi lissafin shiyasa abin yake damunka. Mu a kulliya duk abinda zamu sa a matsayin ƙasa sai ya wuce ta rariyar shayi, wani lokacin ma ta cikin safar mata mai laushin nan, abinda ya faɗo kaman hoda shine ƙasa, wanda ya rage a rariya a ajiye shi gefe zai yi aikin duwatsu.

Usta_Jibis_Misfala:
Malam ka rabu da wahalar ƙasa. Jibis. Aikina kenan kullum a silin ɗin mutane na san halinsa. Ka samu falin (foam) ɗin da ake sawa a bango don zafi, mai shuɗi ko hoda ɗin nan mai tauri ba farin da yake zuwa cikin kwalin firji mai ɓarɓashi ba, ka manna shi kan katako, ka sassaƙa tudu da kwari da reza, ka goge da samfefa, sannan ka shafa jibis siriri mili biyu ko uku. Ruwa ake fara zubawa a roba sannan a barbaɗa jibis a kai, ba jibis tukuna ba. Ka zuba ɗan gira cikin ruwan zai rage masa saurin kamawa kuma ya ƙara masa ƙarfi, don a zafin nan namu in kayi wasa minti goma ya tafi ya barka da cokali a tsaye. Kafin ya gama ƙamewa ka dinga danna shi da tsohon buroshin haƙori ko soso. Halas. Kuma ragowar kada ka wanke a sink zai toshe maka bututu, ka bari ya bushe a robar ka lanƙwasa ta ya faɗo.

Takari_Jarwal:
hhhh Usta kowa tallan hajarsa yake

Usta_Jibis_Misfala:
Ai ban ce a saya a wajena ba 😂 buhu ɗaya zai yi masa mujassam har jikokinsa

Ɗan_Gadarif:
Ni ban yarda ba wlh. Babu fentin da zai baka launin ƙasar yankin Jazira na Sudan. Ƙasar gaske ba launi ɗaya bace, in ka zuba mata ido akwai toka-toka akwai ruwan ƙasa akwai ɗan fari-fari na burbushin kara, hannun mutum bazai iya haɗa wannan ba. Jibis da fenti duk gwanintarka daga nesa ake yaba shi, a kusa sai kaga fenti ne.

Ummu_Hanan:
Ni malama ce muna yawan yi da yara a madrasa. Abinda zan ƙara akan yashin teku shine gishiri. Ga ruɗubar Jidda, wato danshin iskarta, gishirin nan yana jan danshi, bayan wani lokaci zakaga fari-fari yana fitowa ko wajen ya ƙi bushewa sosai. In dole sai dashi a wanke shi da ruwan daɗi sosai a shanya. Ƙasar gaske kuma a baza ta a tire a sa a furun (oven) kaman rabin awa ta kashe ƙwayayen ƙwari da iri, in ba haka ba wata rana kaga abu ya tsiro ko funfuna ta kama. Amma a tambayi uwargida tukuna kafin a sa ƙasa a furun ɗinta 🙈

Abu_Sadik77:
Jar ƙasa zaka nema, ita ce ke fito da gidan Hausa. Ka duba Kano da Zariya

Ɗan_Gadarif:
@Abu_Sadik77 Yaya wannan can ne. Mai Wurno ba jar ƙasa bace, baƙar laka ce irin ta Sinnar da Jazira da wajenmu Gadarif, wadda da damina take kama takalmi ta ƙi saki, da rani kuma ta dare har ka iya zura hannu a tsagar. In yasa ja duk ɗan can da ya gani zai ce wannan ba garinmu bane.

Abu_Sadik77:
Toh Allah ya bada haƙuri, mu ƴan Kano ko ina ja muke gani

Baba_Sinnar:
Ƴaƴana ina karanta ku tun ɗazu, jikana ne yake rubuta min. Kuna ta maganar da me za'a yi, ba wanda ya tambayi yaya tsakar gidan take. Ɗana mai tambaya, rufe ido ka tuna gidan kakanka. Tsakar gida ba shimfiɗa ɗaya bace. Daga ƙofar waje zuwa ƙofar kowane ɗaki akwai hanyar da ƙafa ta dabe, ta yi santsi ta ɗan lotsa, tafi sauran wuri tauri. Gefenta inda ake shara kullum da safe akwai zanen tsintsiya a kan turɓaya. Gindin katanga ba a tsaye yake cak ba, duk damina ruwa yana wanko jalus, wato lakar gini, ya taru a ƙasa ya yi ɗan tudu, shiyasa baka ganin inda bango ya ƙare ƙasa ta fara. Kewayen guɗɗiyya akwai ɗan layi da ruwan ciyawar rufi yake haƙawa in yana ɗiga. Ƙarƙashin zir, wato randar ruwa, kullum a jiƙe yake, baƙi, wani lokaci har da ɗan kore, kaji suna zuwa su kwanta wajen. Wajen murhu toka ce da gawayi. Inda ake ɗaure awaki ƙasar daban take, a tattake da kashinsu da ragowar harawa. In ka sa waɗannan ko da me kayi za'a gane gida ne, in baka sa ba ko ƙasar Mai Wurno aka auno maka a buhu fili ne kawai. Allah ya yi muku albarka.

Ɗan_MaiWurno:
Baba wallahi ka mayar dani gida. Zir ɗin Kaka yana ƙarƙashin darbejiya ne ta hannun dama in ka shigo, kuma haka ne kaji basa barin wajen. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, a gaida jikan da ya rubuta.

Aisha_maket:
Abinda Baba ya faɗa akan gindin katanga shine maganin matsalarka ta biyu Kawu, wato ɗakuna suna zaune a sama. Ka yanke falin ɗin daidai zagayen kowane ɗaki zurfin mili uku ko huɗu ka nutsa ɗakin ciki, sannan ka kawo kwaɓin ƙasarka ya hau jikin bango kaɗan da ɗan buroshi. Launin ƙasan bango da na ƙasa su zama ɗaya su narke cikin juna. Haka ƙafafun angarib da duwatsun murhu da turmi, duk ka danna su cikin ƙasar tun tana da danshi ka cire, in ta bushe ka mayar ka manna. Komai mai nauyi dole ya ɗan nutse.

Maijirgi_1908:
Sannunku. Ni nawa fannin jiragen ƙasa ne, ina Madina ina haɗa tashar Ambariyya yadda take lokacin da jirgin Hijaz ya iso a 1908, da ma'aunin 1:87. Faɗin dogon mita 1.05 ne, in ka raba sai ya baka mili 12, don haka dogon mili 16.5 da aka saba saidawa bai dace ba sai na nemo mai 12. Na kawo wannan ne don ku san ni mai ƙididdiga ne amma duk da haka a ƙasa na haɗa hanyoyin biyu. Falin a ƙasa, jibis a kai don siffa, ƙasar gaske da aka tankaɗe a sama don gashi, fenti a ƙarshe don launi. Ba sai an zaɓi ɗaya ba.

Yadda ake kama ƙasar shine inda mutane suke faɗuwa. Ka shafa gira ka tankaɗa ƙasa a kai daga sama da rariya, ka gyara yadda kake so tana busasshiya. Sannan ka fesa mata sibirto (spirit) na farmasiya da ƴar kwalbar feshi daga nesa, ka bari feshin ya sauko da kansa kada ya hure ta. Bayan ta jiƙe sai ka ɗiɗɗiga gira da aka tsinka, kashi ɗaya gira kashi uku ko huɗu ruwa, da sirinji ba allura. Sibirton ne yake sa girar ta shige ciki, in babu shi sai ta dunƙule a sama tana gangarawa da ƙasar. In baka da sibirto ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke a cikin ruwan yana yin aikin. Zakaga duk wajen yayi fari kaman ka ɓata, ka kyale shi, in ya bushe farin zai tafi.

Takari_Jarwal:
Ƙyallin da yace fa? Daga ina yake zuwa

Maijirgi_1908:
Gira ce tayi kauri ta zauna a sama. Wani yashin ma da kansa yana da ƙwayoyi masu walƙiya. A ƙarshe a fesa warnish mara ƙyalli. Amma a kula, fentin gwangwani na feshi da super glue suna cinye falin in suka taɓa shi tsirara, sai an rufe shi da jibis ko fentin ruwa tukuna.

Ɗan_Gadarif:
Maijirgi ka fara da kyau ka ɓata da fenti a ƙarshe. In zaka fente ta meye amfanin ɗebo ta gaske?

Maijirgi_1908:
Gwada ka gani ɗan uwa. Ƙasar gaske in gira ta shige ta duhu take yi kuma bata komawa yadda take, sai ta zauna da launin jiƙaƙƙiyar ƙasa har abada. Baƙar laka irin taku kuwa zata koma kusan kwalta. Kuma abu ƙarami a cikin ɗaki ƙarƙashin fitila yana bukatar launi mai haske fiye da na waje, don a waje rana ce take dukansa. Ni duwatsun harra na ɗebo na daka don gefen tashar, baƙin dutsen nan na aman wuta da ya kewaye Madina, wanda na ƙarshensa ya fito a shekarar 654 ta Hijira wato 1256. Da na manna su baƙi ƙirin suka yi ba'a ganin komai, sai da na bi su da busasshen buroshi da toka-toka da ɗan ruwan ƙasa sannan suka zama duwatsu.

Ummu_Hanan:
Meye busasshen buroshi kuma

Aisha_maket:
Anti ki tsoma buroshi a fenti mai haske ki goge a tishu har kiga kaman ba komai a jiki, sai ki dinga shafawa a hankali a saman wajen. Tudu-tudun ne kawai zasu ɗauka. Kishiyarsa kuma fenti mai duhu da aka tsinka da ruwa sosai, shi kuma gangarawa yake cikin ramuka da tsaga. Mai duhun ake fara yi ya bushe sannan mai hasken.

Usta_Jibis_Misfala:
Kun dawo maganata dai a hankali 😎 Amma bari in baku wani sirri tunda kun nace sai ƙasa. Tarwiba ta tayil, garin nan da ake cike tsakanin tayil da shi. Ana saida ta launi-launi a shagon kayan gini, akwai bej akwai toka akwai ruwan ƙasa. Ka haɗa ta da tankaɗaɗɗiyar ƙasarka rabi da rabi a bushe, ka barbaɗa, ka fesa ruwa. Siminti ne a cikinta da kanta take kamawa, bata ƙyalli, kuma tana hana ƙasar yin duhun da Maijirgi yake faɗa. Ka ɗau wadda tafi ƙasarka haske. Jibis ɗin ƙasa ma ka zuba masa launi tun a kwaɓi, don in ya ɓantare wata rana kada fari ya leƙo.

Abu_Sadik77:
Ni tambayata daban ce, mutane fa? Zaka sa mutum-mutumi a ciki? Don akwai magana akan wannan a addini kada muje muna gyaran ƙasa muna ɓata lahira

Takari_Jarwal:
An fara

Abu_Sadik77:
Ba faɗa bane Malam tunatarwa ce

Ummu_Hanan:
Gaskiya ne akwai maganar malamai, wasu sun sassauta a abin wasan yara da na koyarwa wasu kuma suna cewa a bar fuska ba ido ba hanci. Mu a madrasa bama sa fuska. Amma kowa ya tambayi malaminsa, nan ba wajen fatawa bane.

Ɗan_MaiWurno:
Dama ban yi niyyar sa kowa ba. Takalma zan ajiye a ƙofar ɗaki da tabarma da buta da kanun, murhun gawayi na shayi, yara su san da mutane a gidan sun ɗan fita ne.

Admin_Hindawiyya:
Madalla. A dawo kan ƙasa dan Allah.

Takari_Jarwal:
Toh ni ina Makka, bayan gidanmu akwai wajen da ruwan sama yake kwanciya ya bar laka mai laushi, in kana so in cika maka galan in bayar a kawo Jidda

Malam_Kuba:
Allah ya saka da alheri amma a kula, in wajen yana cikin haddin Harami malamai sun yi magana akan fitar da ƙasarsa ko duwatsunsa zuwa waje, wasu sun karhanta wasu sun hana. Abu ne mai sauƙi a kauce masa. Wajen Jumum ko Bahra duk a wajen haddi suke kuma kwarin yana tara irin wannan lakar bayan ruwa.

Takari_Jarwal:
Jazakallahu Malam. Bahra ma ai tafi kusa da shi

Ɗan_Gadarif:
Lakar wadi, wato kwari, fara-fara ce, ba zata yi baƙin ƙasarmu ba. Da za'a samu mai zuwa daga Port Sudan ya riƙo ko cikin gwangwanin madara ne

Aisha_maket:
Yaya ƙasa ba abinda ake wucewa da shi jamarik (kwastan) haka kawai bane, kada a jawo wa wani bawan Allah tsaiwa a mina (tashar jirgin ruwa) saboda mujassam. Launi abu ne mai sauƙi, ɗan garin gawayi ko baƙin oksaid na siminti kaɗan-kaɗan cikin lakar wadi har ta kai. A gwada a kan guntun kwali a bari ya bushe kafin a yanke hukunci don jiƙaƙƙe da busasshe ba ɗaya bane. Kada dai a sayi ƙasar shuka ta mashtal (wajen saida tsirrai), duk zare-zare ce da fararen ƙwayoyi, kuma tana motsewa.

Ɗan_MaiWurno:
Akwai wani abu. Bayan katangar ina so in bar ɗan fili in nuna darewar ƙasar nan ta rani da Ɗan_Gadarif ya faɗa, da ɗan gefen bahar, wato kogin Nilu, a kusurwa. Gidan ba a bakin ruwa yake sosai ba amma ina so yara su gani. Yaya ake tsagar? Da allura zan zana?

Usta_Jibis_Misfala:
Da allura mana, jibis na ɗan danshi ka zana abinka

Ɗan_Gadarif:
A'a Usta nan kam ka sauka. Tsagar da hannu ya zana ana ganewa, layukan suna fitowa iri ɗaya. Laka ta gaske ka dama ta kaman kunu ka shafa ka sa a rana ita da kanta zata dare, kuma yadda take darewa a gona haka zata yi a nan. Muna yara da muke gina shanun laka a bakin tur'a (magudanar ban ruwa) ai ba'a koya mana ba. Sirrin kauri ne, in ka shafa da kauri tsagar manya ce, in siriri ƙanana.

Aisha_maket:
Nan ina bayan Yaya Ɗan_Gadarif. Lissafin ma: tsaga mai faɗin santi 5 a gona mili ɗaya ce a 1:50, faifan da ke tsakanin tsaga da tsaga in rabin mita ne santi ɗaya kenan. Don haka shafin kada ya wuce mili ɗaya zuwa biyu. Ka fara shafa gira a ƙasa ta ɗan sha iska sannan lakar a kai don faifan su kama kada su ɓanɓare. Cikin lakar kada ka zuba gira da yawa, tana hana ta darewa.

Maijirgi_1908:
Kuma bayan ta dare kada a ɗiga mata ruwan gira irin na tsakar gida, ruwan zai jiƙa ta tsagar ta rufe ko gefunan su narke. Warnish na feshi sama-sama sau biyu ko uku. Ruwan bahar kuma in rezin (ruwan roba mai daskarewa kaman gilas) zaka zuba ka tabbata ka toshe ko ina da fenti da warnish don yana bin ƙaramar kafa ya zube, ka zuba siriri-siriri don yana ɗaukar zafi in yayi kauri, kuma a buɗe taga. Ni dai shawarata tunda kusurwa ce kawai, ka goge wajen yayi sumul, ka fente shi, tsakiya duhu gefe haske, ka bi da warnish mai ƙyalli shafi da yawa. Ruwan laka dama ba'a ganin ƙasansa.

Baba_Sinnar:
Ɗana ka zaɓi lokaci ɗaya. In ƙasa ta dare rani ne, bahar ya ja baya ruwansa ya kwanta, an shuka jarf wato bakin gaɓa, ciyawa ta bushe. In ruwan yayi jajawur da lakar Habasha ya cika, kharif ne wato damina, lokacin ƙasa bata dare ba taɓo ne ko ina. Kada ka haɗa biyun. Haka gawo in zaka sa, shi da rani yake ganye da damina ya zubar. Tun da aka gama khazan (madatsar ruwa) na Sinnar a 1925 iyayenmu da lokacin ruwan nan suke lissafin komai.

Ɗan_Gadarif:
Baba ya gama magana. Rani zaka yi ɗan uwa, yafi sauƙi ma

Ummu_Hanan:
Busasshiyar ciyawa igiyar buhu ko ta kaba zaka warware ka yayyanka, santi ɗaya rabin mita kenan ko Aisha? Ka huda falin da tsinke ka tsoma gindin a gira ka dasa tsungu-tsungu, ba a jere ba, a gindin katanga da inda ƙafa bata bi. Ganyen da ya zuba ƙarƙashin darbejiya kuma ganyen shayin da aka dafa aka shanya, ko busasshen na'ana a murtsuke. Itace saiwar ƙananan tsirrai in ka juya ta sama tafi komai kama da reshe.

Aisha_maket:
Eh Anti rabin mita ne. Tsintsiyar da Baba ya faɗa ma buroshin fenti mai tauri zai zana ta akan tarwiba kafin a fesa ruwa

Takari_Jarwal:
Kashin awaki fa da me za'ayi 😂

Ummu_Hanan:
Garin bunnu (kofi) mana, wanda aka dafa jabana (gahawa) aka shanya

Ɗan_MaiWurno:
Labari: na kankare yashin tekun duka. Na samo falin shuɗi a wajen wani gini da izinin mai gadi, na nutsa ɗakunan, jibis ya hau. Sai dai katakon ya ɗan lanƙwashe a tsakiya gefe ɗaya ya ɗaga, ko meye dalili?

Usta_Jibis_Misfala:
Ruwa ya sha ta fuska ɗaya. Siririn ablakash (plywood) ne ko? Ana shafe katako da warnish gaba da baya da gefuna kafin a ɗora komai. Yanzu ka barshi ya bushe sosai a ɗaki mai mukayyif (AC) kada ka kai rana, sannan ka ɗaura masa sanduna biyu a ƙasa da sukurori su miƙar da shi a hankali, in jibis ya ɗan tsage ka cike ai ƙasa zata rufe.

Ɗan_MaiWurno:
Tamam Usta. Na yi gwaji akan kwali uku kaman yadda Aisha tace, ɗaya ƙasa zalla da gira, ɗaya ƙasa da tarwiba, ɗaya jibis da fenti. Na nuna wa Hajiyarmu ban faɗa mata komai ba, ta nuna mai tarwiba tace wannan ce tsakar gida, ta nuna mai gira tace wannan bayan an yi ruwa ne. Na jibis tace bata san garin ba 😅

Usta_Jibis_Misfala:
Hajiya ta yi min adalci ai, tarwibar ma wa ya kawo ta? Kuma fentin ne baka iya ba tukuna, turo hoton in gani

Ɗan_Gadarif:
Kun ji dai, inda ƙasar gaske take nan Hajiya ta nuna. Ni har yanzu da zaka rage tarwibar zuwa kashi ɗaya cikin uku

Maijirgi_1908:
Wanda tace bayan ruwa ne kada ka yar, shi zaka yi ƙarƙashin zir. Amma duk da haka sai ka bi hanyar ƙafa da busasshen buroshi ko garin alli mai launi, in ba haka ba tsakar gidan zata fito launi ɗaya

Ɗan_Gadarif:
Hanyar ƙafa ba fenti take so ba, bayan cokali zai goga a wajen tun da ɗan danshi ta yi santsi da kanta

Sabon_Shiga_Riyad:
Slm ƴan uwa yanzu na shigo, ni yashin saharar Dahna ta Saudiyya nake so in yi, ja ɗin nan mai tudu, da ƴar motar mujassam ta kamfanin Tamiya mai ma'aunin 1:35 ta maƙale a ciki. Tarwibar nan zata yi ko shi yashin gaske zan tankaɗe? Kuma sawun taya yaushe ake dannawa

Aisha_maket:
A 1:35 mili ɗaya santi uku da rabi ne, yashin gaske zai maka girma ko ka tankaɗe. Sawun taya tun da danshi, ka naɗe tayar da ledar abinci siririya kada ta kama

Ɗan_Gadarif:
Yashin Dahna ai laushi gare shi, ya gwada na gasken tukuna